Editan Nanpon

Duk wanda ya taɓa kai takarda a buga masa a shagon Alhaji Barau, nan Agege gefen titin jirgi, ya san Nanpon, kuma da wuya ka samu mai cewa yana kewarsa. Mutumin Langtang ne, ɗan tsohon soja. A bariki ya tashi, can ya kwaso Hausarsa, can kuma ya kwaso tsawa. Ya sauka Legas a shekarar da mulki ya koma hannun farar hula, da jaka ɗaya da takardar difloma a cikin leda. Dogo ne siriri, kullum fuska a ɗaure. In ka gaishe shi, sai ya kai ƙarshen layin da yake bugawa kafin ya amsa, wani lokacin ma ya mance da kai.

Amma ya iya aiki. Wannan ko maƙiyansa ba sa musu, kuma ba kaɗan ba ne.

Kwamfuta ɗaya ce a shagon, sai injin fotokwafi, sai fanka mai ƙara. Nanpon ne a kan kwamfutar. Mai kula da fotokwafin kuwa Mastura ce, ƙanwar Alhaji, haifaffiyar Agege, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Ta yi makarantar sakatarori a Ebute Metta. Ranar da Nanpon ya ga yadda yatsunta ke gudu a kan madannai ba tare da ta kalla ba, ranar ya tsane ta. Ya san in ta zauna a kujerar nan sau ɗaya, shi da kujerar sai kallo.

Ba kujerar kaɗai yake karewa ba. Direbobin tirela masu sauke shanu a Agege kullum cikin faɗa suke a kan wa ya riga wa isowa, wa ya kamata ya fara lodin komawa Arewa. Nanpon ya yi wa sakataren ƙungiyarsu alkawarin rubuta manhajar da za ta riƙe layin, ta yadda ba mai tsallake wani. Sakataren ya ce in abin ya yi, za su ba shi ofis da kwamfuta tasa ta kansa. Shekara ɗaya da rabi yana wannan rubutu a tsakanin wasiƙun mutane, kuma duk abin da ya rubuta yana cikin kwamfutar Alhaji.

Don wannan aiki ne ya gina editansa, wato manhajar da ake rubuta sauran manhajoji a cikinta. Bai yarda da wanda aka gama haɗawa ba. Ɗanyen rubutunsa ya nema, kamar mai sayen yadi ya ɗinka da kansa maimakon sayen ɗinkakke. Kwana uku yana shiga motar danfo zuwa wani kafen intanet a Ikeja, yana sauko da shi gutsure-gutsure. Da ya sa kwamfutar ta harhaɗa shi, karon farko ta tsaya ta ce akwai abin da babu. Ya koma Ikeja. Karo na biyu ana dab da gamawa aka ɗauke wuta, ya zauna yana kallon baƙin gilashi, yana zagi da yarensu. Karo na uku ya tayar da janareta ba da izini ba, Alhaji ya yi ta sababi, shi ko a jikinsa. Da editan ya buɗe, sai aka ga haƙoran Nanpon, abin da wasu maƙwabta suka rantse ba su taɓa gani ba.

Daga nan ya shiga ɗora masa 'yan ƙare-ƙare. Ɗaya yana rina kalmomi kala-kala, ɗaya yana rufe alamar baka-biyu da kansa in ka buɗe ta a rubutu, wani kuma yana kai ka daidai layin da kuskure yake. Har nan ba laifi. Inda mugunta ta shigo shi ne da ya sauya aikin madannan gaba ɗaya, ya kuma saita kwamfutar ta yadda in an kunna, kai tsaye cikin editan za ta faɗa. Sai an fita daga ciki ake isa wurin buga wasiƙa, kuma hanyar fitar a kansa kaɗai take. Kashe ka kunna sau goma, nan za ta dawo da kai.

Mastura ta tambaye shi wata rana, cikin lalama.

"Oga Nanpon, abeg, nuna min yadda ake fita daga wannan abin naka. In ka je cin abinci kostoma na jira, ni sai dai in yi ta kallonsu."

"Su jira," ya ce, bai ɗago ba. "Ke dai ki kula da injinki, yana cin takarda."

"Kwamfutar yayana ce fa."

"To ki tambayi yayanki."

Ta ƙare masa kallo, ta ce wani abu da Yarabanci wanda bai ji ba, amma ya gane ba addu'a ba ce. Tun daga ranar ba sa ga maciji. Alhaji kuwa bai san komai a kwamfuta ba ban da ranar da ya saye ta, don haka ya zuba musu ido.

A watan Maris na 2001 sakataren ƙungiya ya sa ranar da za a nuna wa shugabanni aikin, Litinin ta sama. Nanpon bai gama murna ba wani direban Jos ya kawo masa saƙo cewa mahaifinsa ya rasu. Ya tsaya gaban kwamfutar minti biyu, ya kashe ta, ya kama hanyar tasha. Alhaji ya bi shi har bakin ƙofa yana yi masa gaisuwa, sannan ya ce, "To aikin mutane fa?" Nanpon ya ce kwana shida ba ya kashe kowa. Lokacin wayar hannu ba ta zo ba, in mutum ya tafi Langtang ya tafi ke nan.

Ranar Lahadi da hantsi ya dawo, ko gida bai biya ba. Yana shiga ya ga Mastura a kujerarsa tana bugu, gilashin fari tas, ba baƙin editan nan da ya sani ba.

"Wa ya taɓa min inji?"

Alhaji ne ya amsa daga benci. Ya ce kwana uku suna korar mutane. Shugabar wata makaranta ta kawo tambayoyin jarrabawa, ta yi musu tas a gaban jama'a. Ranar Juma'a ya kira wani injiniya daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Injiniyan ya danna nan ya danna can, abu ya ƙi fita, sai ya ce bairos ne, cutar kwamfuta. Su kuwa injiniyoyin can maganinsu ɗaya ne ga kowace cuta, fomat, wato a share komai a sake zubi. Haka kuwa aka yi.

Nanpon ya juya ga Mastura. "Kin san mene ne fomat. Kin san aikina yana ciki."

"Na sani," ta ce, yatsunta ba su tsaya ba. "Ba wanda ya tambaye ni."

Ya yi wata dariya marar daɗi, ya zaro disket, ɗan faifan ajiya, daga aljihun rigarsa. Ya ce ai ba a haifi masu ganin bayansa ba tukuna, kafin ya tafi sai da ya kwafi abinsa. Ya ce ta tashi. Ta tashi ba musu, ta harɗe hannu a bayansa.

Ya zura disket ɗin, injin ya yi 'yar ƙara, sunan fayil ɗaya ya fito. Ya buɗe. Saitin editan ne. Kalolin da ya zaɓa, jerin ƙare-ƙaren, madannan da ya sauya, har da hanyar fitar, duk suna nan ba abin da ya ɓace. A cikin gaggawar ranar nan, hannunsa ya kwafi abin da ya fi tattali. Manhajar direbobi ko layi ɗaya babu.

Ya rufe ya sake buɗewa. Ya cire disket ɗin, ya hura shi, ya mayar. Fayil ɗaya dai. Gobe da ƙarfe goma shugabannin ƙungiya za su zauna jiransa. Kukan da bai yi a bakin kabarin ubansa ba ya taso masa, ya danne da ƙyar.

"In ka gama," in ji Mastura, "saura min shafi tara."

Nanpon ya tashi ya ba ta kujerar.