Neman Sandar Injin Niƙa Daga Tamale Zuwa Nima

Laraba: Tamale zuwa Kumasi

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar gida, da guntaye biyu na ƙarfe naɗe a tsohon zane. Sandar da ke juya faifan injin niƙana ce ta karye. Injin nan shi marigayi maigidana ya bar mana, da shi nake ci da yara biyar, ga shi sati uku yana tsaye. Duk Tamale babu mai ita, aka ce sai Ankara, babban birni. Shekarun nan ne sidi, kuɗin ƙasarmu, ke faɗuwa kullum.

Ƙarfe shida bas ta tashi. Shinge huɗu muka wuce kafin Kintampo. A na uku wani ɗan sanda ya ɗaga ƙunshina ya ji nauyi, ya sa na kwance. Da ya ga abin da ke ciki ya ce uwarsa ma niƙa take yi, ya taya ni ɗaurewa. Ramukan hanya suka cinye mana yini, ba mu shiga Kumasi ba sai bayan magariba. Na kwana a zango, unguwar Hausawa, gidan wata mai sayar da goro.

Alhamis: Kumasi zuwa Nima

Ƙarfe bakwai muka kama hanya, biyu da rabi muna Ankara. Toroto, motar haya ta cikin gari, ta ajiye ni unguwar Nima, na bi lungu har gidan Inna Adiza, ƙanwar mahaifiyata, mai sayar da wake da shinkafa. Ɗakinta ɗaya, su shida, amma ta ba ni gadonta ta sauka tabarma.

Juma'a: Adabaraka

Shagunan kayan inji na unguwar Adabaraka cike suke, ba kamar shekarun baya ba da ko sabulu sai an yi layi. A shago na uku na ga sandar, sabuwa fil daga waje. Kuɗin da mai shagon ya faɗa ya ninka abin da na ɗauro. Ya ce ba laifinsa ba ne, da dala yake saye, gwamnati kuma ta saki sidi ya nemi farashinsa a kasuwa, sati mai zuwa ma sai ta fi haka. Na fito na zauna bakin kwata, na rasa abin da zan koma in gaya wa yara.

Asabar da Lahadi: Mamobi

Inna Adiza ce ta ja ni wurin wani dattijo, Baba Seidu. Shekara ashirin yana gyaran injuna a wata masaƙar gwamnati, aka rage ma'aikata, aka sallame shi. Da kuɗin sallamar ya sayi tsohon injin fiƙe ƙarfe ya kafa a rumfar kwano. Ya haɗa guntayen nan biyu, ya auna, ya daɗe yana dubawa. Mutanen can "kai" suke ce wa mace da namiji.

"'Yata, kai zauna. Wannan ƙarfe ne kawai, ba daga sama ya faɗo ba."

Ya jawo ƙarfen da ke haɗa tayoyin bayan wata matacciyar babbar mota, ya ɗaura a inji. Bai yi rabin awa ba aka ɗauke wuta, don ana rabon ta ne unguwa-unguwa. Muka zauna jira har la'asar. A nan ya ba ni labarin abokan aikinsa: wani na tuƙa toroto, wani ya koma ƙauye, biyu sun tsallaka ƙasar waje. Ya ce bai ƙi a gyara ƙasa ba, masaƙar ma asara take yi, abin da ke masa ciwo shi ne a kori hannun da ya iya aiki sannan a sayo kayan daga waje.

Lahadi da hantsi wuta ta dawo, kafin azahar ya gama. Abin da ya karɓa bai kai rabin guzurina ba. Sannan ya yagi takardar buhun siminti ya zana sandar da duk awonta.

"Kai wa maƙerin garinku. In ta sake karyewa, kar ka ƙara kwana biyu a mota saboda ƙarfe."

Litinin da Talata: Komawa

Inna ta cika mini kwando da dokunu, tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi, ta raka ni tasha ƙarfe biyar. Na sake kwana Kumasi, Talata da la'asar na sauka Tamale. Ban ko cire mayafi ba na aika a kira mai gyara. Ya zura sandar ta zauna daram, ya tayar da inji. Kafin mu share wurin, matan unguwa da suka ji ƙara sun fara isowa da kwanonin masara a ka, babbar 'yata na jera su.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Inna Adiza, Allah Ya saka da alheri. Baba Seidu kuwa, na ji ya rasu bayan 'yan shekaru, ban samu na sake ganinsa ba. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙon ya sa shi a addu'a.