Tagar Ɗakin Malam

Shekara talatin maigidana, Malam, ya yi yana busa a badujala kafin ya yi ritaya mu dawo Gusau. Ƙahonsa na tagulla ne, turombon, mai dogon hannu da ake turawa gaba a jawo baya. Ɗakinsa ƙarami ne, in ya miƙa hannun sai ya doki bango. Ni na ce ya riƙa buɗe taga, hannun ya leƙa lungu.

Bara wani mai tsara kiɗan wasannin talabijin ya aiko masa da takardu. Busa ce ta ƙaho shi kaɗai, ba ganga, za a sa ta a wani wasa, inda uwa ke jiran ɗanta. Kullum bayan la'asar yake gwadawa. Ina tankaɗe ina share ido da gefen zane.

Ta tagar nan labari ya kai Bungudu, inda yayansa yake. Wata Asabar sai ga yayansa, ko ruwa bai sha ba.

"Alhaji guda, da furfura, kana yi wa 'yan fim busa? Mu ba maroƙa ba ne. Ka ba 'yan gwangwan su auna shi."

Malam bai taɓa musu da yayansa ba. Ya rufe tagar, ya fara cire bakin ƙahon.

Ban saba shiga maganar maza ba. Na yafa mayafi na tsaya bakin ƙofa.

"Yaya, ina wuni. Tuwon da kake ci gidan nan, daga bakin ƙahon ga ya fito. Ban taɓa jin ka ce yana ƙarnin tagulla ba."

"Ke Hajiya, da ke nike?"

"A'a. Amma ni shaida ce. Ladan na ɗaga murya yake ajiye shi, ko numfashin bai ƙare ba. Tambayi liman wa ke riga shi sahun gaba."

Yaya ya ce matan yanzu sun lalace. Na ce Allah ya shirye mu baki ɗaya. Na ratsa ɗakin na tura tagar.

"Malam, jiya ka tsaya inda sautin ke sauka ƙasa. Ƙarasa mini."

Ya daɗe yana kallon yayansa. Sannan ya mayar da bakin ƙahon, hannun tagulla ya fita lungu.

Har yau Yaya bai sake cin tuwona ba. Duk sallah ina aika masa, ana dawo da kwanon a rufe. Tagar kuwa ban sake bari an rufe ta ba.