Rissa Mai Faifai, Kafin Kunnen Dama Ya Rufe

Duk wanda ya saba bi ta tashar Tanut da hantsi ya san rumfar Rissa Mai Faifai, ko da bai san sunan mai ita ba. Tana nan bayan masu facin taya, inda manyan motocin Agadas ke tsayawa su sha iska. Kullum sai Rissa ya share gabanta, ya hura gawayi ya ɗora butar shayi, sannan ya fiddo akwatunan kaset ya jera a inuwa, don zafin ranar ƙasar nan ta Damargu ba ya raga wa zaren kaset. Ya gyara rawaninsa, ya goge cikin rediyo da auduga, ya zaɓi kiɗan da zai buɗe yini da shi. Gyaran rediyo ne sana'arsa, da ita ya riƙe iyalinsa. Amma garin nan da jaz ya san shi, kiɗan nan na baƙaƙen Amurka wanda sau da yawa ba waƙa a cikinsa, sai busa da ganga da wani ƙaton gurmi da ake kaɗawa a tsaye.

A Arlit ya kamu da son abin, yana saurayi yana gadin gidan wani injiniya ɗan Gana. Da mutumin zai koma ƙasarsu ya bar masa kwali cike da faifai. Rissa ya dawo gida da kwalin a ka, danginsa da ke jiran ya sayo ko da 'yar akuya ce suka riƙe baki. Tun daga nan ba direban da zai wuce Kano ko Kotonu bai roƙe shi ya nemo masa kaset ba. Da fari an sha yi masa dariya. Inna Hawa mai fura, maƙwabciyar rumfarsa, cewa take wannan kiɗan aljanu ne da suka fito ba su yi shawara ba, kowa ya kama gabansa. Yau ita ce in ya makara bai kunna ba take leƙowa ta ce lafiya dai?

Rissa ba ya miƙa wa mutum kaset haka kawai. Sai ka zauna ka sha shayi, ya ji inda ka fito da abin da ke damunka, sannan ya tashi ya laluba akwati. Ku tambayi Haris, makiyayin nan na wajen Belbeji, wanda fari ya cinye wa raƙuma har ya daina magana da mutane. Rediyo ya kawo gyara, Rissa ya dube shi ya sa masa wani kiɗa na ƙaton gurmin nan, mai tafiya sannu-sannu. Haris da bakinsa ya ce ji ya yi kamar ayari ne ke tafe da kaya, kuma a ranar ya fara yin kukan dabbobinsa. Ban da wannan, shekara da shekaru Rissa na zuwa rediyon gari kowace Laraba, bayan an gama cigiyar dabbobi, ya sa wa jama'a jaz don Allah, ba wanda ya ɗauke shi aiki.

Kai ne kunnen Tanut, Rissa. Kai ka koya wa masu facin taya yin shiru su saurara.

Sai dai fa gaskiya ɗaya ce, mutumin nan akwai taurin kai. Ransa na ga saksofon, wata algaita ta ƙarfe mai lanƙwasa, musamman in ta hau sama ta yi siriri kamar za ta tsinke. Kiɗan da ganga ta yi yawa a ciki kuwa, ko minti ɗaya ba ya ba shi. Sai ya taɓe baki ya ce daka ne ba hatsi. Kuma in ya faɗi haka, shi ke nan, ba mai sake neman wannan kaset a garin.

Bara da bazara ne abin tsoron ya soma. Ya sa kaset ɗin da ya fi ƙauna, ya jira wurin da busar ke hawa sama, sai ya ji wayam. Ya ce zafi ya ci zaren, ya jefa shi a buhun matattun kaset. Gobe ya sa wani, shi ma haka. Ya sake batir, ya kwance rediyon ya ɗaura, duk a banza. Buhu na cika, hankalinsa na tashi, yana ganin abin da ya tara tun ƙuruciya na mutuwa a hannunsa ɗaya bayan ɗaya. Har ya yanke shawarar kai buhun bayan gari ya ƙone, don ba ya son ganinsa. Allah ya sa 'yarsa Radiya, malamar lakkol, wato makarantar boko, ta kawo masa abinci a ranar. Ta zaro ɗaya daga buhun ta sa, ta saurara har ƙarshe, sannan ta juyo.

"Baba, ai lafiyarsa lau. Ga busar nan tana tashi, ba ka ji ba?"

Radiya ta ce ba ta taɓa ganin tsoro a fuskar mahaifinta irin na ranar ba. Ta kai shi Damagaram, likita ya duba ya ce kunnen hagu ya riga ya tafi, na dama kuma yana biye, sirirrin sauti ke fara ɓacewa. Yaushe zai ƙarasa? Likita ya ce wannan sai Allah.

Ya roƙi Radiya ta rufa masa asiri, ta rufa. Watanni ya yi yana fama shi kaɗai. Kowace safiya kafin ya sauko daga gado sai ya murza yatsu kusa da kunnen dama, ya ji ko da saura. A rumfa yana kallon bakin mutane, in suka yi dariya ya yi. A rediyo kuwa kaset ɗin da ya haddace kawai yake sawa. Tsoro biyu ke cinsa: ranar da duniya za ta yi masa shiru gaba ɗaya, da ranar da za a kawo masa sabon kiɗa a ce ya yanke hukunci.

Ta biyun ce ta riga zuwa. Ɗan Azumi direba, wanda ya fi kowa kawo masa kaya, ya sauka daga Kano ranar kasuwa da sabon jaz a cikin wayarsa. Rumfa cike, har Haris na nan. Aka haɗa waya da lasifika, aka zuba wa Rissa ido kamar yadda aka saba. Shi kuwa ba abin da ke iso masa sai gunji can ƙasa-ƙasa. Da ya taɓe baki ya ce hayaniya ce, wallahi ba wanda zai musa, asirinsa ya rufu. Sai ya miƙa tafin hannu ya ɗora a kan lasifikar. Ganga ce, irin wadda ya raina duk rayuwarsa, tana bugun tafinsa, tana tsayawa, tana dawowa ta inda bai zata ba. Ya daɗe a haka har kiɗan ya ƙare.

Ɗan Azumi ya ce, "To Baba Rissa, yaya ka ji?"

"Ban ji ba, Ɗan Azumi. Kunnena ya tafi, na daɗe ina ɓoye muku. Gangar nan kaɗai ta iso ni, ta hannu. Ita nake ce muku daka ba hatsi, ashe ni ne ban taɓa leƙa turmin ba. Abin da raina ke so nake yaba muku, na ɗauka shi kaɗai ne kiɗa."

Inna Hawa ta ja mayafi ta rufe fuska. Rissa ya ce a sake sawa, kowa ya gaya masa abin da ya ji, da ƙarfi. Haris ya ce shi tafiyar shanu ya ji zuwa rijiya. Ɗan Azumi ya ce ina, wannan ai inji ne a kan hawa. Inna Hawa ta share ido ta ce aljanun nan dai yau sun yi shawara. Gardama ta kaure, abin da ba a taɓa yi ba a rumfar, don da can in ya yi magana an gama.

A watan jiya ya ajiye shirinsa na rediyo. Yanzu raba akwatunan yake yi, yana kiran mutane ɗaya-ɗaya, kowa da kaset ɗin da ya san ya dace da shi, har waɗanda ya taɓa kushewa. Tsoron bai tafi ba, kar wani ya ruɗe ku. Radiya ta ce shekaranjiya an kira la'asar a masallacin tasha bai motsa ba, sai da ta taɓa kafaɗarsa. Ni kaina gabana faɗuwa yake duk na doshi rumfar, kar in yi sallama ya ƙi ɗagowa.

Mun gode, Rissa ɗan makiyaya. Ka ba mu kiɗa muna yi maka dariya, ka ba mu gaskiya a ranar da ƙarya ta fi maka sauƙi. Allah ya saka maka, ya sa kaffara ne. Ku kuma masu yi wa mutane zaɓi, a kiɗa ne ko a wani abu, ku koyi faɗin cewa son ranku ne.

Wanda duk Rissa ya taɓa sa wa kiɗa, kada ya ce sai ya samu sarari. Ku je yau, ku zauna ta hannun damansa, ku matso kusa, ku ɗaga murya ku ce masa na gode, tun yana ji.