Ƙofar da Na Kulle a Sabo

A Kumasi aka haife ni, a Accra nake aure, amma maigidana ɗan Sabo ne, unguwar Hausawa a Ibadan. Idan yara suka samu dogon hutu sai mu tattara mu tafi gidansu, wani tsohon gidan bene a bayan layin masu goro, inda mahaifiyarsa take zaune da 'ya'ya da jikoki. Hajiya muke ce mata. Tana da ciwon asma, abin shaƙarta ba ya rabuwa da bakin zaninta, ko hayaƙin murhu ta shaƙa sai ta wuni tana kokawa da numfashi.

Shekarar da korona ta ɗan lafa aka buɗe hanya, muka je. Hutu ya yi daɗi, ba ƙarya. Mun ci amala har yara suka fara yi mini tsiya wai tuwona ba ya kai ta. Da lokacin komawa ya matso, dole sai an yi gwaji kafin a bar mutum ya hau jirgi. Muka je wani ɗakin gwaji a Mokola, aka zura mana tsinken auduga a hanci. Sakamako ya fito, maigida lafiya, yara lafiya, ni kaɗai ke ɗauke da ita. Ban yi wani mamaki ba, don kwana biyu ina daka daddawa ba na jin warinta.

Aka ware mini ɗakin sama na ƙarshe. Na roƙi maigida kada ya gaya wa kowa sai Hajiya, ita ma don ta yi nesa da ni. Ya gaya mata kuwa, a tsakar gida, ƙannensa mata suna tsinkar ganyen ewedu na miya a gefe. Kafin la'asar duk layin ya san matar Gana ba ta da lafiya.

A Sabo kuwa ba a jin mutum ya kwanta a zauna. Dubiya wajibi ce, wanda bai je ba sai an daɗe ana yi masa gori. Mata suka fara hawowa, wannan da kunu, wannan da rubutu daga wajen malam, wata maƙwabciya Bayarabiya da kwalbar agbo, jiƙonsu na gargajiya mai ɗacin tsiya, tana ta ce mini pele, wato sannu. Su zauna a bakin gadona su ce in cire takunkumin nan su ga fuskata. In ce musu cutar ana ɗauka, su ce haba, ai ciwo na Allah ne. Ni suruka ce a gidan, baƙuwa kuma daga wata ƙasa, ba ni da bakin korar yayyen miji da gwaggonninsa. Na dai buɗe taga, na matsa jikin bango, ina amsa gaisuwa ina ƙuna a ciki. Kowace ta tashi daga wajena, ɗakin Hajiya take wucewa ta ba da labarin jikina.

Abin da ke raina ɗaya ne. Idan tsohuwar nan ta kamu, ƙirjinta ba zai ɗauka ba, kuma ni ce zan zama wadda ta tsallako ƙasa ta kawo wa uwar mijinta ajali.

Sai maigida ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce Hajiya ta ce za ta hawo da kanta.

Na ce, "Baban yara, ka hana ta."

Ya ce, "Ni in hana Hajiya? Me zan ce mata?"

"Abin da likita ya ce mana."

Ya sosa ƙeya ya ce zai gwada. Na san ba zai gwada ba. Mutumin da ke tsawata wa ma'aikata a Accra, a gaban uwarsa ko ruwa sai ta ce ya sha.

Da hantsi na ji takunta a matakala. Tana hawa tana hutawa, numfashinta yana fito kamar butar shayi. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa kama sunanta ba, ban taɓa haɗa ido da ita ba, ban taɓa ce mata a'a ba ko a kan gishirin miya. Na tashi na murza mukulli.

Ta taɓa ƙofar ta ji ta a kulle. Ta yi sallama, na amsa daga ciki, har na durƙusa, ko da yake ba ta ganina.

Ta ce, "'Yata, buɗe in gan ki."

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba zan buɗe ba. Ina tsoron in sa miki."

"Ni na haifi mijinki. A gidana kike."

"Na sani, Hajiya. Ki gafarce ni."

Akwai mata biyu a bayanta, duk sun ji. Daga nan na ji ta ajiye kwano a ƙasa, ta juya ta fara sauka. Bayan an watse na buɗe, farfesun kaza ne, da hannunta ta yi. Na zauna na ci ina hawaye, ko ɗanɗanonsa ba na ji.

Daga ranar dubiya ta yanke, ba wadda ta sake hawowa. Biyu daga cikin ƙannen maigida sun yi zazzaɓi sun warke. Hajiya ko atishawa ba ta yi ba. Da aka sake gwaji na fita lafiya, na je na durƙusa a ɗakinta na ba ta haƙuri a gaban kowa. Ta ce ba komai, Allah ya kiyaye hanya, ta miƙa wa yara tsarabarsu.

Tana nan da ranta har yau, ta ƙara zuwa Umara ma. Ban yi nadama ba, gobe aka sake zan kulle. Amma abin yana yi mini ciwo. Duk Juma'a maigida yakan kira ta, ta gaisa da shi, ta gaisa da yara ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunan tsokanarsa. Idan aka miƙo mini wayar sai ta ce, "Matar gida, ya aiki?" Tun daga matakalar nan ba ta sake ce mini 'yata ba.