Tafiyata Moanda Ɗauko Mahamadu

Talata

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na fita daga gida a unguwar Nzeng-Ayong. Niyyata ɗaya ce: in ɗauko ɗana Mahamadu daga makarantar ma'adinai ta Moanda. Shekara uku muka yi alkawari, kuma sun cika. Gwiwoyina sun gaji da tsayuwa a kantin atamfa na kasuwar Mont-Bouët, ba ni kuma da wani ɗa namiji.

Mota ta tashi ƙarfe shida da rabi. Kafin Kango jandarma sun tsayar da mu sau biyu. Katina na izinin zama yana aljihun gaba, ban ɓata wa kowa lokaci ba. Direbanmu Bello ne, mutumin Garwa.

"Alhaji, kai ma baƙin dutse za ka haƙa?"

"Mai haƙar zan ɗauko. Dubi hanyarka."

Azahar a Ndjolé, muka ci kifi da rogo. Can gaba kwalta ta ƙare, sai jar ƙasa da motocin katako. Mun kwana a Lopé.

Laraba

La'asar muka shiga Moanda. Na sauka gidan Malam Idi, mahauci, ɗan garinmu Maraɗi. Mahamadu ya zo gaishe ni, ya rame. Na tambaye shi asalin makarantar. Ya ce an daɗe ana haƙar manganis, baƙin dutsen nan, a garin, amma injiniyoyi daga waje ake kawo su, shi ya sa aka gina ta. Ya ce gobe zai kare kundin bincikensa a gaban malamai, kowa na iya shiga.

Alhamis

Ƙarfe tara daidai aka fara. Malamai uku suka zauna a tebur, Mahamadu na tsaye shi kaɗai. Ya yi minti ashirin yana bayanin yadda ake wanke dutse a raba shi da laka. Sai wata malama mai tabarau ta taso masa. Faransancina na kasuwa ne, amma na san faɗa in na ji shi. Ta buɗe shafi, ta buga biro, ta sake tambaya. Raina ya ɓaci, na miƙe tsaye. Malam Idi ya fizgo rigata.

"Zauna, Alhaji! Ba kotu ba ce. Wanda suka raina ba sa wahalar da kansu a kansa."

Na zauna. Mahamadu ya je allo ya zana, ya amsa. Aka fitar da mu duka, aka rufe ƙofa minti goma sha biyar. Da aka dawo da mu, kowa a tsaye, malamar nan ce ta karanta sakamako: ya ci da yabo mafi girma. Ban yi guɗa ba, amma na cire hula na mayar.

Na je na gode mata, na ce to injiniya ya gama, gobe sai gida. Ta ce a'a. Mahamadu ya yi mana tafinta, idonsa a ƙasa. Mataki na farko lisansi, shi ya samu yau: mai lisansi yana kula da aikin da wani ya tsara. Mataki na biyu injiniya, shekara biyu a gaba: shi ke tsarawa. Ta ce sun ba shi gurbi.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Baba, alkawarin shekara uku ne."

Ni ban taɓa sayar wa mutum rabin zane ba. Na ce, "Ka ƙarasa."

Asabar

Jirgin ƙasa na biyo, ya sauke ni tashar Owendo da hantsi, na wuce gida. Hajiya, uwar Mahamadu, na bakin ƙofa tana leƙen bayana.

"Ina yaron?"

"Yana inda ya dace. A nemo mini kujera mai tsawo, da ita zan riƙa zama a kanti."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni lafiya, ya dawo da ni ni kaɗai.