Rautar da Ta Iya Gaisuwa

Akwai wata Talata cikin damina da har gobe ba ta fita daga raina ba, ranar da aka tura ni Tambuwal in nemo laifin mutumin da ya koya mini hawa ƙarfen sabis. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kun tarar da manyan na'urori masu sanyaya kansu, shi ya sa nake so ku ji yadda muka faro.

Kamfaninmu a lokacin ƙarami ne, intanet muke sayarwa ta iska. Muna da ƙarfe guda a Tambuwal, daga nan layi ke tafiya Jabo da Sanyinna, mafi tsawo kuma ya nufi Kebbe. A gindin ƙarfen akwai ɗan ɗaki, a cikinsa akwai rauta. Ga wanda bai sani ba, rauta ita ce ɗan kamashon tashar: duk saƙon da ya zo, ita ke nuna masa motar da zai shiga. Tana da ƙwaƙwalwa inda take riƙe abin da take aiki a kansa. Ta wannan rautar ƙarama ce ƙwarai, kuma a like take da jikin na'urar, ba a ƙara mata. In ta cika, rautar sai ta sandare, fitilunta na ci amma ba abin da ke wucewa.

Mai kula da wurin shi ne Malam Haliru, babban mai gyara na yankin. Da can gyaran rediyo yake yi a bakin kasuwa, bai yi jami'a ba, amma in ya kalli sama ya ce farantin kama sabis kaza ya goce, to ya goce. Ni a takarda jami'in fasaha na shiyya ne, wato ina gaba da shi. A zahiri kuwa Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Injiniya, da wata irin murya da ke tuna mini cewa ya ga ranar da na maƙale a tsakiyar ƙarfe na kasa sauka.

Rautar ta fara sandarewa sau ɗaya a wata, ta koma mako-mako, ta dawo duk kwana huɗu. Maganin Baba ɗaya ne, ya kashe ya kunna, ta farfaɗo kamar ba ita ba. Ranar Litinin ta yi halinta da hantsi, shi kuwa yana Jabo, ruwa ya tare shi. A Kebbe akwai wata cibiyar kwamfuta cike da ɗalibai masu rajistar jarrabawa, suka yi awa uku suna kallon allo. Mai cibiyar ya kira ofishinmu na Sakkwato da faɗa.

Shugabar shiyyarmu, Hajiya Saratu, mace ce mai adalci amma ba ta maimaita magana. Ta kira ni ofis ta ce, "Bello, ina son rahoto ranar Alhamis. In na'ura ta, mu canza ta. In hannun mutum na, takardar sallama za a rubuta, don wanga shi na karo na uku da anka kawo man ƙara." Saura wata takwas Malam Haliru ya yi ritaya da mutuncinsa.

Ka'idar bincike uku ce, kuma a jere ake bin ta: wuta, sannan faranti, sannan rauta. Na isa Tambuwal ranar Talata na fara da wuta. Batura lafiya, sola lafiya. Raina bai so haka ba, don da batir ne da na kama shi da hannu biyu na kai wa Hajiya.

Bayan azahar muka hau babur ɗinsa zuwa Kebbe duba faranti. Hanyar nan da damina ba sai na faɗa muku ba, sau biyu muna sauka mu tura. Amma abin da ya tsaya mini a rai ba laka ba ce. Duk inda muka ratsa sai an tsayar da shi. Wata mai shagon magani ta leƙo ta ce mini, "Wanga bawan Allah, kafin in san layina ya yanke shina bakin ƙofa da tsani. Ko aljanu ka gaya mai?" Baba ya yi dariya kawai. Da muka gama da faranti, wanda shi ma lafiyarsa lau, ya tsaya a gaban wani zaure da ke rufe, da tsohon farantinmu a samansa ya yi tsatsa. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya shafa, muka wuce. Ban tambaye shi ba.

Laraba da safe na zauna gaban rauta na haɗa kwamfutata. Kwana biyu kacal da kunna ta, ƙwaƙwalwar ta wuce rabi. Na bi abin da ke cinye ta har na iso kan rajistar da rauta ke rubuta abubuwan da suka faru. A ka'ida rajistar tana da iyaka, in ta kai, sabon layi ya ture tsoho. Wannan an cire mata iyakar. Na buɗe, ina jiran Turancin na'ura, sai na ga Hausa:

Malam Isa Kebbe bai amsa ba.
Hajiya Kulu Sanyinna ba ta amsa ba.
Alhaji Maiturare bai amsa ba.

Bayan minti ɗaya suka sake fitowa, da wasu sunayen a ƙasansu. Haka shafi bayan shafi.

Na ce, "Baba, mi a wanga?"

Ya matso da kujerarsa, fuskarsa ta yi haske kamar an tambaye shi labarin jikansa. "Gaisuwa ta, Injiniya. Ni na koya mata. Kowane minti tana sallama ƙofar kowane kwastoma. In ya amsa, shiru. In bai amsa ba ta rubuta, in gani, in ɗau babur. Ba ni son mutum shi kira ni da kuka. Kuma na hana ta mantuwa, don in san tun yaushe abin ya faro."

Sai na gane aljanun mai shagon magani. Dabara ce mai kyau, ni da digirina ban taɓa tunaninta ba. Amma sunayen da ke gabana ba sa canzawa. Na ƙirga, talatin da huɗu.

"To waɗanga da ba su amsawa kullum fa?"

Ya cire hularsa ya mayar. "Wasu sun tashi. Mafi yawa sun riga mu gidan gaskiya."

"Baba, ai in an rufe layi, goge suna aka yi."

"Na sani. Na sha zama in goge. Sai in ga sunan, in tuna fura da munka sha zaurenai. Yaya zan danna abu in ce a goge Malam Isa? Shi ya karantar da ni tun ina yaro. Shi ya fara ba mu rufin zaurenai munka kafa faranti Kebbe, lokacin da kowa ka gudunmu. Zauren da munka tsaya jiya."

Na yi masa bayani a hankali. Kowace sallamar da ba a amsa ba layi ɗaya ce a ƙwaƙwalwa. Mutum talatin da huɗu, kowane minti, dare da rana. Duk rasuwar da aka yi, kwanakin rautar sai su ragu. Matattu sun cika ɗakin, masu rai sun rasa wurin zama.

Bai yi musu ba. Ya dubi allon ya ce, "Ashe ni na zaunar da ɗiyan mutane awa uku. Rubuta gaskiya, Injiniya. Hannuna na. Kar ka yi ƙarya sabili da ni."

Na mayar wa rajistar iyakarta. Goge sunayen kuwa ya ce shi zai yi da kansa. Bayan la'asar ya yi alwala ya zauna, ya kira suna, ya ce Allah shi jiƙanai, ko Allah shi kai shi lafiya inda ya koma, sannan ya danna. Ni ina cewa amin. Ya yi talatin da uku. Da ya zo kan Malam Isa yatsansa ya tsaya a sama, ya kasa sauka. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Na jawo kwamfutar gabana na ce, "Baba, suna ɗaya bai cika ƙwaƙwalwa. Mu bar shi, amma sau ɗaya ga mako." Na saita ta ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Ranar Alhamis na ajiye rahoto gaban Hajiya Saratu. Ban ɓoye kome ba. Na rubuta cewa hannun mutum ne, na rubuta yadda aka yi, na kuma rubuta cewa rautar ta yi wa yankin kaɗan ko da babu gaisuwa. Ta karanta har ƙarshe, ta koma kan sunayen ta sake karantawa.

Ta ce, "Wato shi ya sa Tambuwal ba su cika kiran ofishin ga ba."

"Shi na, ranki shi daɗe."

"Kuma kun bar suna guda."

"Mun bari."

Ta rufe fayil ɗin. "A ba shi gargaɗi na baki kan cire iyaka, kai za ka faɗa mai, kuma da ladabi. A kai musu babbar rauta. Gaisuwar ga kuma a sa ta ga dukan ƙarafunmu, da sunan mutane yadda ya yi. Sunan gudan ban gan shi ba."

Malam Haliru ya cika watanninsa takwas, muka yi masa walima a gindin ƙarfe. Abin da na koya a makon nan biyu ne. Kowace na'ura tana da iyaka, kuma ba ta san dalilinka ba, ko don ƙauna ka ɗora mata kaya sai ta durƙushe. Na biyu, in kun ga wani saiti da bai yi muku daidai ba, ku nemi wanda ya yi shi ku zauna ku ji, kafin ku ce jahilci ne.

Shekaranjiya wani daga cikinku ya zo mini da shawarar share wasu layuka biyu a rautar Tambuwal, ya ce duk Juma'a suna fitowa, kuma babu kwastoma mai irin sunayen. Na farko Malam Isa ne. Na biyun ni na ƙara shi da hannuna bara, ranar da muka dawo daga jana'izar Baba. Ƙwaƙwalwar yanzu tana da fili. Ku bar ta ta gaishe su.