Turmin da Na Auna Na Yi Shiru

Ina tsakiyar karatun digiri na biyu aka saka ni cikin masu zuwa binciken gubar dalma a ƙauyukan Anka. Ba wai na fi sauran ɗalibai ƙoƙari ba ne. Ni 'yar Gummi ce, kuma mace, ina iya shiga gidajen da maza ba sa wuce zaure. Mu uku ne: malaminmu injiniya, wanda ya ƙera wata 'yar na'ura mai auna dalma a ƙasa, da likita mai ɗibar jinin yara, sai ni.

Tun a mota malaminmu ya ja mini kunne. Ya ce na'urar sabuwa ce, ba a tabbatar da ingancinta ba, kada in faɗa wa kowa sakamako sai an sake gwada ƙasar a jami'a.

A wani ƙauye kusa da Bagega na shiga gidan wata tsohuwa. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta damo fura. Jikarta 'yar shekara biyu tana ta jan gyalena tana gwaranci. Na auna bakin rijiya, na auna ƙofar ɗaki, lambobin ba su tayar mini da hankali ba. Da na ɗora na'urar a gindin turmi, sai lambar ta yi sama har na zaci na'urar ta lalace. Na goge ta na sake, haka ta ƙara nunawa.

Na ce, “Inna, me kuke dakawa a turmin nan?”

Ta ce, “Hatsi mana, ɗiyata. In maza sunka kawo duwatsun zinariya kuma, a daka su ciki, a wanke turmin. Mi abin naki yac ce?”

Amsar tana bakina. Amma na tuna gargaɗin malaminmu, na kuma ji tsoron in tayar da hankalin gida guda a kan abin da wataƙila kuskure ne. Na ce mata sai mun duba tukuna. Ta yi mini addu'a, ta rako ni har zaure.

A mota na nuna wa malaminmu lambar. Ya ce a jira gwaji. Ban yi musu ba, ban kuma gaya wa likitan ba, alhali yana zaune kusa da ni. Ranar bai samu ɗibar jini a gidan ba, don maigidan da zai ba da izini yana gona.

Gwajin ya ɗauki watanni, saboda injin jami'a ya tsaya. Da sakamakon ya fito, na'urarmu ce ke da gaskiya. Malaminmu ya yi murna ƙwarai, mu ma muka taya shi.

Bayan damina na koma gidan. Yarinyar na kwance a cinyar kakarta. Ashe bayan tafiyarmu ta yi ta jijjiga, an kai ta asibiti a Anka, ta rayu, amma ta daina magana, ba ta kuma iya tsayuwa. Na faɗa wa Inna cewa tun zuwana na farko na ga alamar guba.

Ta ce, “Da kin ce mani in bar daka hatsi ciki, ai da na bari. Turmin maƙwabta na nan.”

Likitan ya gaya mini daga baya cewa mai yiwuwa gubar ta riga ta shiga jikin yarinyar kafin zuwanmu. Zai iya zama haka, ban sani ba. Takardar binciken ta fito da sunana na uku, har yau ban iya karanta ta zuwa ƙarshe ba.